Takalmin Taya da Mazurari Ashirin

Jawabin da aka gabatar wa ɗalibai 'yan asalin Birnin Kudu da Gwaram gab da tafiya hutu



 Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wasan takalmin taya. Na san wani zai ce a ransa, ina ruwan ɗalibin jami'a da wasan yara? To, amsar ita ce, yaran nan ƙannenmu ne, wasan kuwa, yadda ake yinsa a titunanmu, yana iya cin rai. Duk wanda ya san Kano ko Kaduna ko Abuja ya taɓa ganin samari sanye da takalmin taya, sun kama bayan a-daidaita-sahu ko babbar mota, tana jan su a tsakiyar titi, su kuwa suna waige ko ana kallonsu. Mu kuma mun sani, abin da ya shiga Kano da safe, kafin la'asar ya iso Birnin Kudu, gama babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil ta ratsa ƙasarmu ne kafin ta faɗa ƙasar Bauchi, kuma manyan motoci ba su yankewa a kanta dare da rana.

Tsawa da bulala ba su raba yaro da abin da ya ba shi sha'awa, sai dai su sa ya koma yi a ɓoye. Abin da ke raba shi da shi, shi ne a nuna masa wani abin da ya fi wancan wuya, ya kuma fi shi jawo yabo. Wannan abu akwai shi, da takalmin nan guda ake yinsa, sunansa silalom. Shi nake so in bayyana muku: asalinsa, da ƙa'idodinsa, da yadda ake koyonsa, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu game da shi.

Asalin takalmin

Takalmin taya ya girmi mota, ya girmi keke. Wanda aka fi danganta ƙirƙirarsa da shi wani maƙeri ne ɗan ƙasar Beljiyam, mai suna John Joseph Merlin, wanda ya zauna a birnin Landan wajen shekarar 1760. Ana ba da labari cewa ya shiga wani taron biki a kan takalmin nasa yana kaɗa goge irin na Turawa, amma da yake bai tanadi dabarar tsayawa ba, sai ya je ya yi karo da wani babban madubi, ya farfasa shi, shi ma ya ji ciwo. Kun ga ke nan tun ranar farko darasin ya fito: tafiya ba ita ce wuyar ba, tsayawa da juyawa su ne aikin.

A shekarar 1819 wani Bafaranshe mai suna Petitbled ya yi rajistar takalmi mai tayoyi a jere. A 1863 kuma James Plimpton na Amurka ya fito da mai taya huɗu, biyu gaba biyu baya, wanda ya sauƙaƙa shan kwana. Irin wanda muke gani yau a ƙafar yaranmu, mai tayoyi huɗu a layi ɗaya, ya bazu ne bayan 1980, lokacin da waɗansu 'yan'uwa biyu a jihar Minnesota ta Amurka, Scott da Brennan Olson, suka gyara shi domin 'yan wasan ƙanƙara su riƙa motsa jiki da shi a lokacin da babu ƙanƙara. Daga aikinsu ne kamfanin Rollerblade ya samo asali.

Mene ne silalom?

Kalmar daga harshen mutanen Norwe take, asalinta kuwa wasan gangarowa ne daga kan dutsen ƙanƙara ana kewaya sanduna. Masu takalmin taya suka ari sunan, suka sauko da wasan kan daɓe. A dandali da wuraren shan iska na Faris da Landan da New York samari suka riƙa jera kofuna suna saƙa tsakaninsu, tun babu alƙali babu kyauta, har abin ya zama wasa mai doka. A yau yana ƙarƙashin hukumar World Skate, wadda aka kafa a 2017, kuma an yi shi a gasar wasannin nahiyar Asiya da aka gudanar a birnin Hangzhou na ƙasar Sin a 2023. 'Yan Sin da Koriya ta Kudu da Faransa da Italiya sun yi fice a cikinsa. A nan Afirka ta Yamma ma matasan Dakar ta Senegal sun yi suna a wasannin takalmin taya na duniya, musamman a fannin tsalle.

Abin da ake kewayawa waɗansu 'yan robobi ne marasa nauyi, masu siffar mazurari da aka kife, tsayinsu bai kai rabin taƙi ba. Don haka a wannan jawabi zan riƙa kiransu mazurarai. Ana jera su layi uku. Layi na farko mazurari 20, tsakanin kowane biyu santimita 50, watau kusan kamu guda. Layi na biyu mazurari 20, tazarar santimita 80. Layi na uku mazurari 14, tazarar santimita 120.

Gasar iri-iri ce, amma uku sun fi shahara. Akwai ta gwaninta, inda ɗan wasa zai yi kusan minti biyu yana nuna salon da ya shirya a kan layukan nan uku, alƙalai suna duba wuyar salon da tsabtar aikinsa. Akwai ta karawa, inda mutum uku ko huɗu za su riƙa shiga bi da bi, kowa daƙiƙa 30, wanda ya fi burge alƙalai ya wuce gaba. Sa'an nan akwai ta sauri: mutum zai taso da gudu daga nisan mita 12, ya ratsa mazurari 20 na layin santimita 80 a kan ƙafa ɗaya tak. Kowane mazurari ya ture, a ƙara masa daƙiƙa 0.2 a kan lokacinsa. In ya ture fiye da huɗu, wannan zagaye ya lalace. Gwanayen duniya suna gama wannan duka cikin ƙasa da daƙiƙa biyar. Ku lura, ko a gasar sauri, gudun da babu sarrafawa a cikinsa asara ne.

Dalilin da ya sa ya dace da mu

Na farko, ba ya cin fili. Ku yi lissafi da kanku: mazurari 20 tazara 19 ke nan, in kun ninka da santimita 80 za ku sami mita 15.2. Layin santimita 50 kuwa mita 9.5 ne kacal. Filin ƙwallon raga tsawonsa mita 18 ne, faɗinsa 9. Na ƙwallon kwando mita 28 ne da 15. Ashe duk makarantar da ke da daɓen siminti mai laushi, ko wani zaure mai faɗi, tana da filin silalom ba ta sani ba.

Na biyu, in an cire takalmin, sauran kayan ba su da tsada. Ƙananan kofunan roba sun isa su tsaya a madadin mazurarai. Da alli da igiya wadda aka ƙulla a kowane santimita 80 an gama awo. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne jera duwatsu ko kwalabe ko gwangwani, domin abin da ake kewayawa tilas ya zama wanda in an taɓa shi zai kauce, ba wanda zai kayar da mutum ba.

Na uku, jikinmu ba baƙo ba ne ga irin wannan wasa. Yaron da ya tashi yana langa, ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu yana ture abokin karawa da ɗaya hannun, ya riga ya mallaki rabin abin da silalom ke nema, watau tsayuwa a kan ƙafa ɗaya ba tare da tangaɗi ba. Sulu ma tsohon wasa ne a ƙasar duwatsu. Kun san Birnin Kudu ta yi suna a duniya saboda zanen shanu na mutanen da da ke jikin duwatsunta, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da kuma duwatsun kiɗa waɗanda masanin tarihi Bernard Fagg ya bincika a 1955. Shi wannan masani, a 1957, ya yi rubutu a kan duwatsun kiɗa tare da duwatsun sulu, watau gangaren duwatsu waɗanda suka yi sumul saboda yawan zamiyar yara a kansu. Sha'awar sulalewa da ke ɗibar yaron yau ita ce ta ɗebi kakanninsa; bambancin kawai, su a kan dutse suka yi, inda babu tirela.

Bugu da ƙari, mutanenmu sun taɓa mayar da taya abin alfahari. Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano, shi ya ƙirƙiro wasan ƙwallon guragu a 1988, wasan da ya fito da masu lalurar shan-inna filin gasa, ya kuma tsallaka zuwa waɗansu ƙasashen Afirka. In an yi wancan, wannan ba zai gagara ba.

Kayan aiki

Takalmin silalom yana da ƙwari a idon sawu, kuma tilas ya kama ƙafa cif, domin in ƙafa tana yawo a ciki, umurnin da ta bayar ba ya isa ga taya da wuri. Babban sirrinsa yana ga jerin tayoyin. Ana sa na tsakiya biyu su ɗara na gaba da na baya girma, alal misali milimita 76, 80, 80, 76. Saboda haka tayoyi biyu ne kawai ke taɓa ƙasa a lokaci guda, ƙasan takalmin ya zama kamar bayan ƙwarya, juyi ya zo da sauƙi. Wanda ya sayi na gwanjo ba sai ya nemi sababbin tayoyi ba: ya duba waɗanda suka fi cinyewa ya mayar da su gaba da baya, masu sauran ƙwari ya sa su tsakiya. Amma sabon shiga ya fara da tayoyi daidai wa daida, sai ƙafarsa ta zauna tukuna.

Kayan kariya ba ado ba ne. Binciken likitoci ya nuna cewa wuyan hannu shi ne inda masu takalmin taya suka fi jin rauni, domin duk mai faɗuwa hannu yake fara kai wa ƙasa. Don haka a nemi kariyar wuyan hannu, da ta gwiwa, da ta gwiwar hannu, da hular kwano. Wanda ya iya sayen takalmi bai iya sayen waɗannan ba, to, kuɗinsa ba su cika ba tukuna, ya ƙara haƙuri.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa sharuɗɗa. Ƙurar hunturu tana shiga boris ɗin taya ta cinye shi, saboda haka a riƙa kwancewa ana gogewa ana ɗiga ɗan mai. Da damina kada a hau jiƙaƙƙen daɓe, gama akwai santsi, boris kuma yana tsatsa. Da bazara a yi wasa da sassafe ko bayan la'asar, a kuma ajiye ruwan sha kusa. A kowane lokaci, kayan aiki na farko tsintsiya ce: tsakuwa guda ta isa ta tsayar da taya cak, mai takalmin ya wuce ya bar ta.

Matakan koyo

Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi. Kafin a kusanci mazurari akwai abubuwa huɗu da za a ƙware a kansu.

Na ɗaya, tsayuwa. A fara a kan ciyawa ko tabarma inda taya ba ta gudu. A haɗa duga-dugai, a buɗe yatsu, a ɗan durƙusa har in mutum ya dubi ƙasa gwiwarsa ta rufe masa yatsun ƙafa. Wanda ya miƙe sanƙam, ta baya zai faɗi, ita ce kuwa mafi munin faɗuwa, domin ƙeya da ƙugu ne ke karɓar ta.

Na biyu, faɗuwa. Ita ma koyonta ake yi. In ka ji za ka tafi, ka ƙara durƙusawa, ka faɗi ta gaba a kan kariyar gwiwa da ta hannu. Wanda ya daina tsoron faɗuwa jikinsa yakan saki, sakakken jiki kuwa shi ke koyo.

Na uku, tsayawa. Takalmin silalom ba shi da birki a dunduniya, domin zai hana gicciya ƙafafu. Akwai dabaru biyu na farko: ko dai a buɗe ƙafafu a karkato da yatsu ciki a danna duga-dugai waje, ko kuma a ɗora nauyi a ƙafar gaba a ja ta baya a gicciye tana gogar ƙasa.

Na huɗu, sanin gefen taya. Kowace taya tana da gefen ciki da gefen waje, duk wani juyi kuwa daga karkata zuwa ɗayansu yake fitowa. A riƙa buɗe ƙafafu ana rufewa ba tare da ɗaga su ba, har sawun ya riƙa zana siffar ƙwai a jere, gaba da baya.

In waɗannan sun zauna, sai a jera mazurari biyar kawai a tazarar santimita 80. Salon farko masu wasan suna kiransa kifi: ƙafafu biyu a haɗe gefe da gefe, ana karkata dama da hagu ana ratsa layin. Na biyu maciji: ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, ta bayan tana bin sawun ta gaban. Na uku shi ne wanda zan kira saƙa: a gicciya ƙafafu a kan mazurari ɗaya, a buɗe su a kan na gaba, kamar yadda ake kitso. Na huɗu, ratsa layin a kan ƙafa ɗaya, inda ɗan langa zai nuna gadonsa. In an iya huɗun nan ta gaba, sai a sake koyonsu ta baya, sa'an nan a ƙara mazurarai har su cika ashirin.

Bayan wannan ne manyan salo ke zuwa. Akwai mikiya, inda ake buɗe ƙafafu har duga-dugai su fuskanci juna a tafi a kaikaice. Akwai na zaune, inda mutum zai tsuguna a kan ƙafa ɗaya ya miƙe ɗayar gaba. Akwai juyi kamar katantanwa. Akwai kuma tafiya a kan taya ɗaya tak, wadda takan ci watanni, wani lokaci shekaru, kafin ta zauna. Kada ɗokin waɗannan ya sa a tsallake na farko, gama a kansu aka gina kome.

Ga waɗansu ƙa'idodi na horo da ya kamata a riƙe. Duk abin da ƙafar dama ta koya, a koya wa ta hagu, har ma a ba raunanniyar lokaci fiye da ƙaƙƙarfar. A yi a hankali. Salon da mutum bai iya yinsa sannu ba, bai iya shi ba, gudu ne kawai ke rufa masa asiri. A riƙa duban mazurari biyu ko uku da ke gaba, kada a kafa ido a kan ƙafa. Rabin sa'a kullum ya fi sa'a biyar ranar Asabar, domin yau da gobe ita ke sa allura ta haƙa rijiya. Daga ƙarshe, in mazurari ya faɗi, kada a yi fushi, a tsaya a tambayi dalili. Shi alƙali ne wanda ba ya karɓar toshiyar baki, bai san ɗan sarki ba, bai san ɗan talaka ba.

Lissafin haɗari

Bari in koma ga maganar titi, in yi ta da harshen 'yan kimiyyar da ke cikinku. Ƙarfin da jiki mai tafiya ke ɗauke da shi yana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kan kansa. Mai koyon silalom da wuya ya wuce gudun kilomita 10 a sa'a. Wanda ya kama bayan mota mai gudun kilomita 40 ya ninka shi sau huɗu a gudu, amma ƙarfin da zai bugi ƙasa da shi ninki goma sha shida ne. Ga shi ba ya ganin ramin da ke gaba domin motar ta tare masa, direban bai san da shi ba, wata motar kuma tana biye. Faɗuwar farko ƙujewa ce da dariyar abokai. Ta biyu kuwa, in an yi sa'a, gadon Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ne. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, tsalle dubu ba ya fid da shi. Kama bayan mota ba gwaninta ba ce, domin motar ce ke aikin. Wanda ke son a san ya iya, ga mazurari ashirin nan, ya zo ya ratsa su da baya a kan ƙafa ɗaya.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa, ga roƙona guda uku yayin da muke shirin komawa gida.

Na farko, kowannenmu ya dubi unguwarsu, ko a cikin Birnin Kudu yake, ko Babaldu, ko Sundimina, ko Gwaram, ko Sara, ko Basirka. In akwai yaro mai takalmin taya, a jawo shi a jiki, a nuna masa wannan hanya. Ba sai kai ka iya ba. Igiya da alli da kofuna ashirin da wannan bayani sun isa a fara.

Na biyu, mu je ga shugabannin makarantu da masu unguwanni da sashen wasanni na ƙananan hukumominmu biyu, cikin ladabi, mu roƙi aron daɓe na sa'a ɗaya ko biyu da yamma, da alkawarin za mu share, mu tsare lokacin salla da na karatu, mu kuma kafa doka ɗaya wadda ba ta da sassauci: duk wanda aka gani ya kama bayan mota, ya bar fili. Takalmi guda yana iya zagaya yara uku masu ƙafa ɗaya, in an yi karo-karo an saya.

Na uku, kada a bar 'yan'uwanmu mata a baya. A gasar duniya mata suna da nasu rukuni, suna kuma yin salon da ke gagarar maza da yawa, domin wasan na natsuwa ne, ba na ƙarfin damtse ba. Ana iya yinsa a cikin harabar makarantar 'yan mata, a tsakaninsu, cikin sutura ta mutunci, muddin an kula kada bakin zane ko hijabi ya kai ga taya.

Ilmin da muke nema a nan jami'a ba a kan takarda kaɗai za a auna shi ba. Za a auna shi da abin da ya canja a garuruwanmu saboda mun dawo. In hutun nan ya ƙare an sami yaro guda da ya bar bayan mota ya koma kan layin mazurarai, to, mun yi aikin da iyayensa ba za su manta ba.

Allah ya kai mu gida lafiya, ya tsare mana ƙannenmu.